Ƙanƙarar Inna Tabawa

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya kai mu, shi ne ya dawo da mu.

Sunana Garba, mutumin Kangire ta ƙasar Birnin Kudu. Ban gaji fatauci ba. Ubana manomi ne, ni kuwa da igiyar rama na fara, in tufka in ɗauka a ka zuwa kasuwar Sara. Daga igiya na koma fatun awaki, na saba da majema, har na iya zaɓen jan fata irin wadda Larabawa ke so. A shekarar da zan ba da labari, jan fata da gashin jimina suna daraja a arewa, nan gida kuwa noma ya zama da fargaba, don ba wanda ya san ranar da mahara za su sauko daga duwatsun Ningi. Na ce in dai fargaba ce, gara in zaɓi mai riba. Na haɗa kayana na bi ayarin Kano mai zuwa Gat.

Mu biyu ne daga ƙasarmu. Na biyun shi ne Audu wanzami, mutumin Dingaya ta Gwaram, ɗan kawuna, wato abokin wasana. Ya girme ni da kaɗan. Ba shi da haja ko ta kwabo, zabirarsa kawai ya rataya, wadda ya gada wurin Kawu: asake, ƙahoni, da ɗan dutsen washi. Gidansu kowa hannun Audu yake kallo, don idon Kawu ya riga ya yi rauni. Abin da Kawu ya ce mini kafin mu rabu ban manta ba: hannun Audu na dama shi ne gonar gidan, in na dawo da shi lafiya na biya shi duk abin da ya taɓa yi mini.

Har Damagaram tafiya ce kamar ta gida. Ana jin Hausa, ana samun fura, rijiyoyi kusa da juna. A nan na gane ashe ni ne ke cin arzikin Audu. Ko'ina aka sauka zango sai ya shimfiɗa buzu ya fito da aska, kafin la'asar an kawo masa nono, an kawo gero, wani har cinyar akuya. Ni mai kaya sai in zauna gefe ina gadin fatu ina haɗiyar yawu, sai ya miƙo mini ƙwarya yana cewa in ci, attajiri, kada yunwa ta kashe ni a kan dukiyata.

A Agadas aka cuce ni, kuma ni na ba da ƙofa. Daga nan jakai ba sa wucewa, dole a sayi raƙuma. Madugunmu ya nuna mini wanda ya saba hulɗa da shi, na ga kamar ya tsawwala. Na zaga bayan kasuwa na sami wani mai fara'a da ya ba ni wani ƙaton amale, wato namijin raƙumi, a kan araha. Na duba ƙafa, na duba tozo, na duba haƙori, duk lafiya. Abin da ban sani ba, in ɗari ya shigo irin waɗannan amale sukan hau fushi, su yi ta kumfa suna neman wanda za su ciza, shi ya sa masu su ke neman kai da su kafin lokacin. Ni na san fata bayan an feɗe, ban san ta ba tana kan dabba. Madugu ya dubi raƙumin, ya dube ni, ya ce Allah ya sa alheri.

Muka shiga duwatsun Azbin. A nan kewar gida ta fara kama ni, don duwatsun sun tuna mini namu na Birnin Kudu, sai dai namu akwai tsamiya da ɗinya a gindinsu, akwai mata masu ɗiban ruwa da za ka gaisar, waɗannan kuwa baƙaƙe ne tsirara. Abinci ya koma garin gero da busasshen cuku da dabino. Wata rana Audu ya ce ya yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka, har an zuba man shanu, yana kai hannu na tashe shi salla. Yini guda bai yi mini magana ba.

Bayan Azbin sai rairayi da tsakuwa, kwana da kwanaki ba ka ganin ko tsuntsu. Da rana zafi, da asuba wani irin ɗari da ban taɓa sanin Allah ya halitta ba. Mu mutanen kudu mun taso da tsoron sanyi. A garinmu in gwiwa ta yi ciwo a ce sanyi ne, in baya ya ƙage a ce sanyi ne, mai jego da ruwan zafi ake mata wanka, wanda ya gurɗe a gasa masa wurin. Ba mu san sanyi da wani aiki ba sai cuta. Don haka muka naɗe kanmu da duk tsumman da muka mallaka, Buzaye suna mana dariya.

Saura kwana uku mu shiga Gat abin ya faru. Da hantsi ne, ina gyara ɗaurin kaya, na ba Audu akala ya riƙe mini. Shi kuwa ya naɗe ta a wuyan hannunsa na dama, yadda muke yi da igiyar takarkari a gida don kada ya kufce. Buzu ko na goye ba ya naɗa akala a hannu, a yatsu yake riƙe ta, in raƙumi ya fizga ya saki. Mu ba wanda ya faɗa mana. Amalen nan ya hango wata taguwa, ya yi wani gurnani ya fizge kai sama. Na ji ƙarar da hannun ya yi daga inda nake. Ya ja Audu a ƙasa ya kai taku goma kafin a tare shi.

Da aka warware akalar, hannun ya karkace daga wuya kamar ba nasa ba. Fata ba ta yage sosai ba, amma kafin azahar ya fara hawa. Audu bai yi kuka ba. Ya dai dube ni ya ce, "Garba, araha ba ta ado."

Shi ne masani a cikinmu, don haka abin da ya ce shi na yi. Ya ce a gasa masa wurin. A kowane zango in roƙi kashin raƙumi in hura wuta, in tafasa ɗan ruwan da ya kamata mu sha, in tsoma tsumma in danna masa. In ruwa ya yi wuya in soya yashi a kasko in ƙulle a ƙyalle in ɗora. Na yi da gaskiya, safe da yamma, don laifin yana cina. Hannun kuwa kullum gaba yake. Ranar da muka shiga Gat ya yi suntum har gwiwar hannu, yana sheƙi kamar tulu sabon shafi, yatsun sun zama kamar rogo, ko motsa su ba ya iyawa.

Gat gari ne na soraye a manne da juna, da lunguna masu duhu, da gonakin dabino a bayan ganuwa. Muka sauka a wani gida da ake ba fatake. Madugu ya kira mana maɗorin garin, wani tsohon Buzu mai rufaffiyar fuska. Ya taɓa hannun sau biyu ya saki. Ta bakin tafinta ya ce ƙashi ne ya goce, ya san gyaransa, amma a wannan kumburi ko yatsansa ba zai sami gaɓar ba. In kumburin ya sace cikin 'yan kwanaki a kira shi. In ya wuce haka, gaɓar za ta kama a karkace, mai hannu zai iya cin tuwo da shi amma ba zai ƙara riƙe aska ba.

Washegari da safe Audu ya yanke shawarar sakiya. Ya ce mugun jini ne ya taru, in sa tsinken ƙarfe a wuta ya yi ja in huda masa. Ban so ba, amma ba ni da wata dabara. Ina tsakar gida ina fifita garwashi, shi yana zaune ya jingina da bango yana zagin raƙumin da uwarsa da kakarsa, sai wata tsohuwa mai tallar fura ta tsaya a bakin ƙofa. Shigarta irin ta matan garin ce. Ta saurara, ta sauke ƙwaryarta, ta ce da Hausa tsantsa, "Wannan zagi ba na Kano ba ne. Ɗan nan, daga wace ƙasa?"

Audu ya ce Gwaram. Sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Sunanta Tabawa. An kama ta tana yarinya a wani ƙauye kusa da Sara, aka yi ta sayar da ita har Gat. Ubangidanta ya 'yanta ta kafin ya rasu, ta yi aure, ta haihu, ta binne miji. Ta tambaye mu ko duwatsun nan na Birnin Kudu da ake bugawa su yi amo kamar ganga suna nan. Muka ce suna nan. Ta tambayi wasu mutane da ba mu sani ba, muka ce Allah ya ji ƙansu ko ya ƙara musu lafiya. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙa maimaita sunan Sara a hankali. Sannan idonta ya kai ga hannun Audu da ƙarfen da ke wuta.

Ta tambayi abin da muka yi masa, na faɗa mata. Ta ce tun da take ba ta ga mai kashe gobara da garwashi ba sai mu. Ta sa ƙafa ta ture tsinken daga wuta. Ta ce hannun nan wuta ce a cikinsa, sanyi yake nema, kuma za ta kawo mana ƙanƙara.

Na zaci tsufa ne. Ƙanƙara a saninmu daga sama take faɗowa da damina, ta ɓarnata gero ta narke, nan kuwa ko girgije babu. Ta ce in biyo ta in gani. A kan soronta ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri, ta jera kasake marasa zurfi a kai, ta zuba wa kowanne ruwa kaurin yatsa. Ta ce a tsakiyar ɗari irin wannan, in sama ta yi garau kuma iska ta kwanta, kafin fitowar rana ruwan zai daskare. Ciyawar ita ke hana ɗumin soro ya taso masa. Wurin uwargidanta ta koya, ita kuma da shi take yi wa masu gurɗewa da masu zazzaɓi mai zafi.

Ranar farko iska ta taso, muka tarar da ruwa yana nan ruwa. Inna Tabawa ba ta damu ba. Ta jiƙa tsumma da shi ta naɗe hannun, ta rataye shi sama da ƙirji da rawanina, ta hana a kusanto da shi wuta. Audu ya yarda da wannan da ƙyar, yana ta gunaguni. Rana ta biyu Inna ta shigo da sassafe riƙe da akushi a rufe. Ta buɗe, sai ga wasu falle-falle kamar madubin Larabawa, ana ganin ƙasan akushin ta cikinsu. Na taɓa ɗaya, ya cije ni kamar wuta.

A nan Audu ya kafe. Ya ce ruwan sanyi ya haƙura, amma wannan abu ba zai hau jikinsa ba. Shekara ashirin yana zuƙe wa mutane sanyi da ƙaho, yanzu a ce ya buɗe masa ƙofa da kansa? In ya shige shi har ɓargo fa, ya shanye masa hannun gaba ɗaya? Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ya ƙi. Ƙanƙara kuwa ta fara zama ruwa a akushi, rana tana hawa.

Ni dai abu ɗaya na iya a duniya, shi ne sayar da kaya ga wanda ya ce ba ya so. Kuma na san mai saye ba ya yarda da baki, sai ya ga an ja fata a gabansa ba ta yage ba. Na naɗe hannun rigata, na ɗauki falle guda na danna a damtsena na hagu. Da fari zafi, sannan zogi, sannan wurin ya yi shiru kamar ba jikina ba. Na ce wa Audu ya ciro askar tsaga.

Ya ce, "Ka haukace ne?"

Na ce, "Kai ka san ni. Ranar da ka yi mini ƙaho a Dingaya har maƙwabta sun zo tambayar wa ya mutu. Tsaga ni a nan, da hagunka ma, mu gani."

Ya san gaskiya na faɗa, duk danginmu ba wanda ya kai ni tsoron aska. Ya karɓa da hagu ya yi mini tsaga biyu. Na ga askar ta shiga, na ji kamar an ja mini kara a kan riga. Jinin ma sai da ya yi jinkiri kafin ya ɗan tsattsafo. Audu ya matso da fuskarsa, ya latsa wurin da babban yatsa, ya dubi idona ko ina cijewa ne. Ya ƙara tsaga ta uku wadda ban roƙa ba. Daga nan na ga wanzamin ya farka a cikinsa, ya manta da mai ciwo. Ya shiga tambayar Inna: har yaushe wurin ke zama a mace, me ya hana jinin gudu? Can ya ce ashe shi ya sa Kawu ba ya yarda ya yi kaciya sai da ɗari, kuma da sassafe. Ya ce sun gaji abin, ba su taɓa tambayar dalili ba.

Ya miƙa hannun.

Inna ba ta ɗora ƙanƙarar a fata tsirara ba kamar yadda na yi. Ta farfasa ta, ta ƙulle a tsumma, ta kewaye wuyan hannun, ta bar shi gwargwadon yadda mutum zai sha fura a natse, sannan ta ɗauke sai fatar ta dawo hayyacinta. Ta ce tsoron da muke yi ba ƙarya ba ne, ta taɓa ganin wanda ɗari ya cinye wa yatsun ƙafa a kan dutse. Abin kamar gishiri ne, da awo ake sa shi. Ragowar ta rufe da ciyawa a lungu mai duhu, ta kai mu har hantsi. Sauran yini kuma tsumma da ruwan kasko.

Kwana huɗu muna haka, Allah ya taimake mu iska ba ta ƙara tasowa ba. Ni ke hawa soron in sauko da kasake, har na iya gane daren da zai bayar tun daga magariba. A rana ta biyu fatar ta fara tattarewa. A ta huɗu aka ga ƙashin wuyan hannu ya fito, yatsu suka motsa. Aka kira maɗori. Inna ta sa ƙanƙara ta ƙarshe har wurin ya mutu, na rungume Audu ta baya, tsohon ya ja ya murɗa. Aka ji ƙas. Audu ya yi salati sau ɗaya, shi ke nan. Aka ɗaure da rassan dabino. Maɗorin ya ce sauran na Allah ne, sai an kwance za a san ko aska za ta zauna.

A ranar na yi alkawari ba mai taɓa mini kai sai wannan hannu. Na sayar da fatuna da kyau, don Inna ta nuna mini dillalin da ba ya cin amana, na sayi takarda da jan alharini da murjani. Amalen nan na mai da shi hannun wani Buzu da ya san halinsa, na karɓi wata taguwa mai sanyin rai. Sumata ta yi ta tsiro har Larabawan kasuwa suna tambaya ko ni wani waliyyi ne. Audu ya ce musu eh, waliyyin araha.

Da ayari zai juya na ce wa Inna ta zo mu kai ta gida, raƙumi da guzuri duk a wuyana. Ta yi dariya ta ce wa za ta tarar? Kabarin mijinta yana nan, jikokinta suna nan, kuma wa zai riƙa jera kasake? Abu ɗaya ta roƙa, kuka da daddawa, don ta shekara fiye da arba'in ba ta ji ƙanshinsu a tukunyarta ba. Tun daga nan duk ayarin da zai tashi daga Kano sai na ba da ƙulli, har shekarar da wani bafatake ya dawo mini da shi ya ce ta rasu.

An kwance ɗorin a Azbin. Hannun ya rame, ya yi fari, yana rawa. Audu ya riƙa matsa ƙwallon goruba a tafinsa duk tsawon hanya. A Damagaram wasu suka zo neman aski ya ce ba ya jin daɗi. Na ga yadda yake kallon zabirar.

Mun iso Dingaya ana shirin shuka. Bayan an gama gaishe-gaishe, Kawu ya sa aka kai shi kusa da Audu, ya lalubi hannun tun daga kafaɗa har yatsu, ya tsaya a wuyan ya daɗe. Sannan ya lalubi kaina, ya ce wannan wane daji ne? Na faɗa masa alkawarin. Ya ce to me ake jira.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin ɗinyar ƙofar gida. Audu ya wasa aska a hankali, ya gwada ta a gashin hannunsa. Wata yarinya a gidan ta kawo ruwan ɗumi yadda aka saba, ya ce ta mayar, ta ɗebo na randa, na can ƙasa. Ya sheƙa mini a ka har na zabura. Na ji yatsunsa na hagu sun kama ƙeyata, na ji askar ta sauka. Jan farko ta ɗan yi rawa. Na biyu ta tafi sumul tun daga goshi har tsakar kai, yadda na san ta tun muna samari. Kawu ba ya gani, amma ya karkata kunne yana sauraron tafiyar askar, can ya ce, "Hannun ne."

Audu ya ci gaba har ya gama tas. Ya shafa kan da tafinsa, ya ɗan ƙwanƙwasa shi, ya ce in tashi, attajiri, an rage wa jaki kaya.

Har yau yana aikinsa a Dingaya, ɗansa yana riƙe masa zabira. Da ɗari yakan kwana da kasake a kan rumbu, ruwan bai taɓa daskarewa ba a ƙasarmu, amma yakan yi sanyin da ya ishe shi, kuma duk wanda ya zo masa da sabuwar gurɗewa ba ya barin a gasa. In kuwa hadari ya zubo da ƙanƙara, kowa yana gudu ɗaki yana jimamin gero, za ka ga tsoho ɗaya a tsakar gida da ƙwarya a ka yana tsinta da hannun dama. Mutanen Dingaya sun ce tun da ya je arewa kansa ya taɓu. Ni da nake da tsaga uku a damtse ba na musa musu, sai in ce su kawo nasu kan ya aske.